Ina son in yi bincike kan yadda mutum ke koyon harshe na biyu: hanya ce ko ɓata shekaru?

'Yar Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya faɗa mini gaskiya ko da ba daɗin ji.

Turanci na karanta, na gama bautar ƙasa shekara biyu ke nan, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Yawuri. Wata yarinya ce ta jefa ni cikin wannan tunani. An kawo mana ita aji uku, iyayenta sun taso daga wani ƙauyen Kambari saboda rashin tsaro. Ranar da ta zo, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "ruwa" ba, in ka yi mata magana sai dai ta ƙura maka ido. Ba a yi wata shida ba na same ta a bakin famfo tana zazzaga wa wata masifa, wai "wallahi in kika sake taɓa mini bokiti sai na fasa miki baki." Na tsaya sororo, har na manta raba su na zo yi. Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata ko harafi ɗaya.

Amma Turancin da nake tsaye a kansa kullum da alli da bulala, ga yara sun kai aji shida ba sa iya haɗa jimla biyu a tsaye. Me ya sa? Wannan nake son in karanta a digiri na biyu, in Allah ya yarda har na uku. Baba ya ce in bar wahalar da kaina in nemi aikin ma'aikata. Shin fage ne na gaske? A ina ake yin sa? Kuma ana cin abinci da shi?

Baban Ihsan:
Wa alaikumus salam. Malama, wannan har sai an yi digiri? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙwaƙwalwar yaro fanko ce, ta babba cike take da kuɗin haya da na shinkafa. Na gama miki binciken, turo kuɗin kati.

Malamin Jami'a:
Baban Ihsan, ka yi kusa amma ba ka iso ba. Ai yaran da take koya wa Turancin ma ɗanyun itatuwa ne, me ya hana su tanƙwaruwa? Yarinya ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, harshe ɗaya ya shiga ɗaya ya ƙi. Ka ga ba shekaru ne kaɗai ba.

Ƙanwata, fage ne na gaske, kuma a cikinsa nake shekara goma sha. Reshe ne na kimiyyar harshe ta aikace, ba tsoho ba ne sosai. Yawanci ana ɗora mafarinsa a kan mutum biyu. Pit Corder na Jami'ar Edinbura ya yi wata maƙala a 1967 inda ya ce kuskuren mai koyo ba shara ba ce da za a share, alama ce ta dokar da ya gina wa kansa a ka. Sai Larry Selinker a 1972 ya ce abin da mai koyo ke magana da shi harshe ne mai tsarin kansa, ba na uwarsa ba, ba kuma wanda yake nufa ba. Ni ina ce wa ɗalibaina "harshen kan hanya." Shi ne kuma ya yi maganar daskarewa, wato mutum ya kai wani wuri ya tsaya cak, ya shekara talatin a Kano yana cewa "matata ya zo."

Kafin su, ra'ayin Robert Lado na 1957 ne ke tashe: ka jera harsuna biyu, duk inda suka saɓa a nan mai koyo zai yi tuntuɓe. Da aka je aka saurari masu koyon sai aka ga wasu kurakuran kowa na yin su, ko wane harshe ya sha a nono.

Game da tambayarki, lissafi ma zai ba ki rabin amsa. Yarinyar nan tana jin Hausa daga asuba zuwa kwanciya, kuma in ba ta yi magana ba za a ƙwace mata layin ruwa. Turanci kuwa minti nawa ne darasinki? Yara nawa ne a ajin?

'Yar Yelwa:
Minti arba'in ne, Dakta. Yara sittin da huɗu.

Malamin Jami'a:
To raba. Ko da kin kulle bakinki kin bar musu lokacin gaba ɗaya, kowane yaro bai samu minti ɗaya ba. Kuma ke kin san ke kike cinye talatin daga ciki.

Ɗan Kamba:
Dakta ka faɗi gaskiya. Ni nan ban wuce aji ukku na sakandare ba, amma harshe biyar nika ciniki da shi: Hausa, Zabarmanci, Dandanci, Hillanci na sayen dabba, da Faransanci na rabuwa da jandarma lahiya. Ba malamin da ya koya min ko guda. Ina yaro anka ɗora min tiren goro anka ce in bi masu ƙetarawa Gaya. Kalmar da nif fara riƙewa ita ce "marje," wato nawa. Ranar hwarko wani ya ce min "waranka," na san ashirin ke nan, sai nib ba shi goron sefa ashirin. Ashe su da dala suka ƙidaya, dala guda sefa biyar, waranka na nuhin ɗari. Ya zage ni tas. Tun rannan ban ƙara ɓata lissahi ba. In kuna son bincike ku zaka kasuwa, ba ɗakin karatu ba.

Malamin Jami'a:
Alhaji, ba ka san girman abin da ka faɗa ba. Mafi yawan abin da aka rubuta a wannan fage an samo shi ne daga ɗaliban jami'a a Amurka da Turai da Asiya, masu koyon Turanci a aji, masu littafi da biro. Irinka, wanda ya koya a kasuwa, su ne kaɗan a rubuce, alhali a nahiyarmu su ne jama'a. Akwai wani babban aiki da aka yi a Turai a shekarun 1980, aka bi baƙin haure manya guda 40 a ƙasashe biyar na tsawon kusan shekara biyu da rabi ana ɗaukar maganarsu. Wolfgang Klein da Clive Perdue suka nuna cewa duk sun bi ta wani mataki mai kama da juna: kalmomi tsirara, babu ɗafe-ɗafen lokaci a jikin aikatau, amma ana fahimtar juna sarai, wasu kuma a nan suka yada zango har abada. Da na karanta sai na tuna da Barikanci, Hausar da sojoji ke yi a bariki tun zamanin Turawa.

Shi ya sa nake ce wa ƙanwata ta duba inda take zaune. Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa a Yawuri, Lelna da Fakkawa a ƙasar Zuru, Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa ta wajen Illo da Kamba, ga Fulani ko'ina. Da yawansu Hausa ce harshensu na biyu ko na uku. Bature sai ya nemi tallafi ya hau jirgi kafin ya ga abin da kike gani a bakin famfo.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, duk da wannan, ɗalibi zai zo ya ce zai yi "nazarin kurakuran ɗaliban aji biyar na sakandare a rubutun insha'i." Ya karɓo takardu ɗari, ya ƙirga inda aka manta "s," ya zana teburi, ya kammala da cewa gwamnati ta samar da ƙwararrun malamai. Na duba irin wannan kundi ya fi a ƙirga, sunan makaranta kawai ake canzawa. Corder ya ce a tambayi me kuskuren ke nunawa, mu muka tsaya a ƙirga shi kamar buhunan albasa a Aliero.

Maman Grace:
Ni 'yar Zuru ce, bari in sa baki tunda da mu ake. C'Lela na fara ji a gidan kakata, Hausa na tsince ta a makaranta da kasuwa da coci, don mu har waƙoƙin sujada da Hausa muke yi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne "ya" da "ta." A harshenmu ba a raba namiji da mace haka. Wai riga mace ce, wando namiji, to wa ya duba? Har na shiga kwalejin koyon jinya ana yi mini dariya a kan ƙasa da kasa, da ɓata da bata. Wata rana na ce wa wata tsohuwa a asibiti ta "dauki" magani, sai ta gyara mini a gaban mutane, ta ce "ɗauki ake cewa 'yar nan." Na ji kunya, amma daga ranar kunnena ya buɗe, na fara jin bambancin da da ba na ji.

Sai dai Dakta, akwai abin da ba ka faɗa ba. Kana murna da ɗakin gwajinka, mu kuma muna kuka. Yarana uku, ba wanda zai iya gaida kakarsa da C'Lela ya wuce jimla biyu. In mun je gida lokacin Uhola sai su tsaya kamar baƙi. Yarinyar da Malama take yabo, ku dawo bayan shekara goma ku tambaye ta Kambarci. Hausar da ta shiga da sauri haka, wani abu ta tura waje.

'Yar Yelwa:
Anti, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Kuma gaskiya ne, na lura ƙaninta in uwarsu ta yi masa magana da yarensu da Hausa yake amsawa.

Malamin Jami'a:
Maman Grace, na karɓi gyara. Kuma abin da kika kawo shi ma babi ne a fagen: akwai harshe na biyu da ke ƙaruwa a kan na farko, akwai wanda ke cinye shi. Wallace Lambert na Kanada ne ya raba su haka. Ɗan Bature mai koyon Faransanci ba ya rasa Turancinsa, don Turanci na da gata. Ɗan Bakambare kuwa yana jin ana yi wa harshensu dariya a filin wasa.

Labarin tsohuwar nan kuma, akwai wanda ya gina suna a kan irinsa. Richard Schmidt ya je Burazil ya yi wata biyar yana koyon Fotugis, yana rubuta abin da ya ji kullum a littafi. Da aka gwada da maganarsa da aka ɗauka a kaset, sai ya ga abin da ya fara amfani da shi shi ne abin da ya lura da shi, ba duk abin da ya ratsa kunnensa ba. A 1990 ya fitar da ra'ayin cewa sai an lura ake koyo. Ke "ɗ" ta shekara ashirin tana wuce kunnenki, sai ranar da aka kunyata ki kika gan ta.

Alaramma Gwandu:
Assalamu alaikum. Ina ta karanta sunayen Turawa, Corder, Klein, wane da wane. Malam, kafin a haifi kakanninsu an yi wannan aiki a garin nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Bafulatani ne, bai tashi a ƙasar Larabawa ba, amma ya yi tafsiri da Larabci, ya wallafa a nahawu da sarfu, ya yi waƙoƙin da Larabawa ke jinjina wa. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da me suka koya? Da hadda, da zama gaban malami, ana karanta matani ana fassara kalma kalma. Yau ku 'yan boko kuna cewa hadda ba koyo ba ce. To ku nuna mana wanda hanyarku ta fitar da ya kai su.

Malamin Jami'a:
Allah ya gafarta Malam, ni ban ce hadda ba koyo ba ce. Wanda ya fi matsa wa wannan magana shi ne Stephen Krashen, a farkon shekarun 1980. Shi ya ce harshe na shiga ne ta hanya ɗaya, ka riƙa jin magana ko karanta rubutun da kake fahimta wanda ya ɗan ɗara matsayinka kaɗan, dokokin nahawu kuwa ɗan sanda ne kawai mai duba abin da ka riga ka faɗa. An yi masa ca. Merrill Swain ta duba yaran Kanada masu Turanci da aka yi wa karatu gaba ɗaya da Faransanci shekara da shekaru, ta ga suna ji kamar 'yan gida amma in sun buɗe baki nahawunsu na ɗingishi. A 1985 ta ce ji kaɗai bai isa ba, sai an tilasta wa mutum ya furta.

Kuma yanzu da yawa sun yarda cewa haddace guntayen magana dunƙule yana da babban amfani. Amma Malam, ka yarda da ni a kan abu ɗaya: akwai wanda ya sauke Ajuruma, zai yi maka i'irabin aya tsaf, in ya sauka Jidda ba ya iya cinikin tasi.

Alaramma Gwandu:
Wannan ya faru da ni, ba sai an je nesa ba. Na ce wa direba "ila aina tazhabu," ya dube ni ya yi dariya ya ce sadakallahul azim. Amma ba don tasi muka koyi Larabci ba.

Malamin Jami'a:
Shi ke nan ka amsa da kanka. Kowace hanya da abin da take haifarwa. Zaure na fitar da mai karanta littafi, kasuwa na fitar da mai ciniki. In da zan samu ɗalibin da zai zauna zaurenku shekara biyu da izininku, ya ga yadda "fassarar zaure" ke gina Larabci a kan almajiri mataki mataki, da na fi murna da shi a kan kundi hamsin na insha'i.

Baban Ihsan:
To ni dai ba a ba ni amsa ba. Yaro ya fi babba ko bai fi ba?

Malamin Jami'a:
A furuci, ya fi, kusan ba gardama. A sauri kuwa, a'a. An gwada masu Turanci da suka koma Holan a 1978, aka ga a watannin farko matasa 'yan 12 zuwa 15 ne suka fi kowa gudu, ƙananan yara suna baya. Amma tafiya ta yi nisa yaran kan wuce. Johnson da Newport a 1989 sun gwada 'yan Sin da Koriya 46 a Amurka, waɗanda suka iso kafin shekara bakwai ba a bambanta su da 'yan ƙasa a nahawu, daga nan abin ya riƙa sauka. A 2018 wasu suka yi gwaji ta intanet da mutum wajen 670,000, suka ce ƙofar nahawu ba ta fara rufuwa sai wajen shekara 17. Har yanzu ana ja a kan haka. Wato kana da sauran dama, Alhaji.

Tsohon Hedimasta:
Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa tsakanin Argungu da Dandi kafin in yi ritaya, ku bar ni in faɗi mai ɗaci. Duk binciken nan naku, wane ne ya taɓa isowa ajina? Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci yana darasi guda, suka fito ba su gaza 'yan uwansu ba har a Turancin. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na yankin. A 2022 aka ce shekara shida ne gaba ɗaya. A Nuwamban 2025 minista ya tashi ya ce an soke, a koma Turanci. Tsakanin nan duka ko littafin lissafi ɗaya na Hausa ban ga an kawo mana ba. Ni abin da na sani, malami zai rubuta da Turanci a allo, ya juyo ya yi bayani da Hausa, in sufeto ya shigo ya koma Turanci. Ɗiyata, in za ki yi karatun don a gyara makarantu, ki sani masu yanke hukunci ba sa karanta kundi.

Abu Ammar:
Baba da girmanka, soke ta ɗin shi ne daidai. WAEC da JAMB da Turanci ake yi. 'Ya'yan masu cewa a koyar da Hausa duk suna makarantun kuɗi a Abuja. Mu za a bari a baya.

Maman Grace:
Kuma in an ce harshen yanki a Zuru, wanne? Hausa za a kawo, a ce an ba mu harshen uwa.

Tsohon Hedimasta:
Abu Ammar, yaron da bai iya karanta harshen da yake ji ba, ta ina zai karanta wanda ba ya ji? Na ga 'yan aji shida suna kwafe allo tsaf da kyakkyawan rubutu, ka ce su karanta abin da suka rubuta, shiru.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan hanya. Baiwar Allah ta yi tambaya uku, an amsa ɗaya. Maganar minista a buɗe mata wani zaren.

Malamin Jami'a:
Gaskiyar shugaba. Kalma ɗaya ga Baba Hedimasta kafin in wuce: Jim Cummins ya nuna cewa yaro kan iya harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu, na littafi da jarrabawa, yakan ci biyar zuwa bakwai. Kuma a Kanada ke nan, inda yaron ke jin Turanci a titi. Ƙanwata, wannan ya shafi yarinyarki ma. Iya faɗa a bakin famfo daban, iya rubuta insha'i da Hausa daban, kada ki haɗa su a kundinki.

Yanzu maganar tuwo. A ƙasar nan da wuya ki ga sashe mai wannan suna shi kaɗai. Za ki shiga ta sashen Turanci, ko kimiyyar harshe, ko harsunan Nijeriya, ko koyar da harshe a tsangayar ilimi. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sai Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya. Amma kada ki zaɓi makaranta, zaɓi malami. Ki nemo abin da ya rubuta ki karanta, ki tambayi ɗalibansa shekara nawa suka yi a hannunsa. Digirina na biyu an ce wata goma sha takwas ne, na yi shekara huɗu. Babi na uku ya kwana wata bakwai a but ɗin motar mai duba ni, da ya dawo da shi akwai tabon manja a shafin farko, gyaran da ya yi bai wuce waƙafi biyar ba. Ki ƙara da yajin aiki, na 2020 wata tara, na 2022 wata takwas.

In kin samu shiga koyarwa, tsani ne: mataimakin malami, lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, farfesa. Aƙalla shekara uku a kowane mataki, kuma ba a hawa sai da maƙalu da aka buga, sama kuma sai da digiri na uku. A nan tarkon yake. Akwai mujallun da za ki tura musu kuɗi ranar Litinin su buga ranar Juma'a ba wanda ya karanta. Mujallun ƙwarai na fagen, irin Language Learning da ake bugawa tun 1948, za su iya riƙe aikinki watanni su dawo da shi da shafi huɗu na suka. Na farko na kawo ƙarin girma da wuri, na biyu ne ke sa a san ki a waje.

Albashi, ba zan yi miki ƙarya ba, yana riƙe rai ne kawai. Abokina da muka gama tare ya shiga kasuwancin shinkafa, shi ke ba ni rance. Kuma za ki koyar da darasin Turanci na bai ɗaya ga ɗaruruwan 'yan aji ɗaya, ki yi makin takardunsu da fitilar waya. Lokacin binciken sai kin sato shi. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin ƙaro karatu, amma ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin jami'a ko kwaleji ta gwamnati. Don haka ko a kwalejin ilimi irin ta Argungu kika ga ƙofa, kada ki raina.

Bazamfariya a Turai:
Na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Daga Gusau nake, ina shekara ta biyu a digiri na uku a wannan fage. Abu uku zan ƙara wa Dakta.

Ki koyi lissafin ƙididdiga tun yanzu. Mu 'yan Turanci mun gudu daga lissafi, na zo nan na tarar da shi yana jirana a bakin ƙofa. Akwai manhajar R, kyauta ce, akwai Praat ta auna sauti, akwai ELAN ta rubuta maganar da aka ɗauka, duk kyauta. Rubuta hirar awa ɗaya kalma kalma na iya cinye miki yini biyu, ki shirya.

Na biyu, abin da ya sa aka ɗauke ni ba Turancina ba ne, suna da masu Turanci. Hausata ce da mutanen da zan iya kaiwa gare su. Ina duba furucin "f" da "p." Kowa ya san tsokanar da ake yi wa Bahaushe a kan "fiful." Amma Bakano "tafi" yake cewa, mu nan yamma "tahi," "fara" kuma "hwara." To in tushen ya bambanta, shin tuntuɓen a Turanci iri ɗaya ne? Wannan ƙaramar tambaya ita ce shekara huɗu na rayuwata. Wata hanyar kuma, shirin Fulbright ya daɗe yana kai matasan malaman Turanci Amurka su koyar da Hausa na shekarar karatu ɗaya. Ba digiri ba ne, amma za ki ga Bature yana kokawa da ƙ da ɗ da karin sauti, ki ga abin ta ɗaya gefen.

Na uku, ki nemi izini. Yarinyar nan ba kifi ba ce da za ki kama a Neja. Sai iyayenta sun fahimci me za ki yi da muryarta sun yarda, da harshen da suke ji, kuma ki ɓoye sunanta. Mutanen da suka gudo daga 'yan bindiga in sun ga ana ɗaukar magana da waya, ba karatu ne zai fara zo musu a rai ba.

Maman Hanifa:
Duk an yi maganar boko ba a yi ta gida ba. Ƙanwata, in akwai mai nemanki ku yi maganar karatun nan tun kafin a kawo lefe, a gaban manya. Ni da baki aka yi mini alkawari. Takardar shigata digiri na biyu tana nan cikin akwati, shekara tara.

'Yar Yelwa:
Yaya, na ji, kuma akwai shi, za a yi maganar. Na gode muku duka. Dakta, in na fahimce ka, ba sai na jira an ɗauke ni ba kafin in fara?

Malamin Jami'a:
Ko kaɗan. Sayi littafi mai kauri gobe. Duk jimlar da kika ji daga bakin yaran da Hausa ba tasu ba ce, rubuta ta yadda aka faɗe ta, kada ki gyara, ki sa kwanan wata da wanda ake yi wa maganar. Ki sa ido kan "ya" da "ta": yaushe suke fitowa, da mutane ake fara raba su ko da abubuwa, wa ke daskarewa. A Hausar Gana jinsin ya ɓace kusan gaba ɗaya, ke kuma kina inda za ki ga yana shiga ko yana ƙin shiga a bakin yaro. Ki roƙi uwar ta riƙa gaya miki abin da yarinyar ta daina faɗa da Kambarci, don maganar Maman Grace. In kin yi wata shida kina haka ki turo mini, zan karanta. Ba zan sa a but ba.

Tsohon Hedimasta:
In kin rubuta, ki yi mana shafi biyu da Hausa mu malaman firamare. Kundin ki bar wa su Dakta.

Maman Grace:
Ki zo Zuru ma. Surukata shekara hamsin tana sayar da doya da Hausa, har gobe kowa "ya" ne a wurinta, har ni.

Ɗan Kamba:
In kin tashi zakkuwa Kamba ki hwaɗa min da wuri in sa yaro ya tarbe ki tasha. Amma ki bar wayag ga cikin jaka in mun kai bakin iyaka, su ba su san bincike ba.

Baban Ihsan:
Ni har yanzu ban ga kuɗin katina ba.